Magnesiyam da ciwon daji: binciken Basel bai ce ka sha ƙwaya ba

Wataƙila an turo maka saƙon a WhatsApp, wai masana sun gano magnesiyam na kashe ciwon daji. To, maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari.

A shekarar 2022, masu bincike a Jami'ar Basel ta Suwizalan, ƙarƙashin Christoph Hess, suka wallafa aikinsu a mujallar Cell. Sun nuna cewa ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T, masu farautar ƙwayoyin daji, suna da wani furotin a bayansu mai suna LFA-1. Da shi suke cafke abin da za su kashe. In babu isasshen magnesiyam, furotin ɗin yakan zauna a lanƙwashe, kamun ya yi rauni. Ɓerayen da aka rage wa sinadarin a abinci kuwa, dajinsu ya fi saurin bazuwa.

Nan aikin ya yi kyau ƙwarai, don ya nuna mana yadda abin ke faruwa dalla-dalla. Inda nake da ja shi ne ɓangaren mutane. Tsofaffin bayanan marasa lafiya suka duba, suka ga masu ƙarancin magnesiyam a jini ba su amfana sosai da maganin zaburar da garkuwa ba. Amma ka tambayi kanka: ƙarancin ne ya tsananta cutar, ko cutar ce ta jawo ƙarancin? Ai wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya iya cin abinci sosai. Irin wannan nazari ba ya raba gardama, su kansu masu binciken sun ce sai an yi gwaji na musamman kan mutane.

Kuma mun taɓa ganin illar gaggawa. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda a wancan lokacin maleriya ta yi katutu kamar wajenmu, an riƙa ba ƙananan yara sinadarin ƙarfe na ƙarin jini. Rahoton da ya fito a 2006 ya nuna waɗanda suka sha sun fi kwanciya asibiti, har sai da aka dakatar da wannan ɓangaren gwajin. Ashe ƙwayoyin cuta ma ƙarfen suke nema.

Saboda haka in kana da mai fama da daji, kada ka bar asibiti ka koma kan kwalbar kemis. Mai ciwon ƙoda ma magnesiyam na iya taruwa masa a jini ya cutar da shi. Bari likita ya auna tukuna.