Yawu a Kwalba da Maganar Asali

Yaran unguwa sun nuna mana shirin nan na Amurka, Finding Your Roots, wanda Farfesa Henry Louis Gates yake gabatarwa a tashar PBS tun 2012. Ana gayyato wani mashahuri, a tono masa kakanni daga takardun gwamnati, sannan a gwada yawunsa a faɗa masa inda jininsa ya fito. Mun kalli kaɗan bayan isha'i, yara na fassara mana.

Ɓangaren takardun ya yi kyau, wallahi. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunan bawa. Shekarunsa da launin fatarsa da ko namiji ne ko mace kawai ake sawa ƙarƙashin sunan ubangidansa, kamar yadda muke lissafin huhun goro. Sai a 1870 aka rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. In aka buɗe wa baƙo shafi ya ga sunan kakarsa ya fashe da kuka, ba mu ga laifinsa ba.

Inda muke da ja shi ne gwajin. A shirin Gates na 2006, African American Lives, an ce wa Oprah Winfrey tushenta Kpelle ne na Laberiya. To, wannan gwajin layi ɗaya yake bi: uwa, uwar uwa, har can sama. In ka koma baya hawa goma, kakanninka 1,024 ne. Ina sauran 1,023? Kuma da mutanen yau ake kwatanta ka, waɗanda aka ɗebi yawunsu, ba da na wancan zamanin ba.

A zo Sabo a ɗebi yawu mana! Tun kafa unguwar nan ta Ibadan a 1916 akwai jikan Banufe, akwai jikan Babarbare, akwai wanda uwarsa Bayarabiya ce, kuma duk Hausawa ne, Sarkin Hausawa ne sarkinsu. Harshe da salla da zaman tare suka mai da su haka. Wace kwalba za ta nuna wannan?

Abin da ya sa muka ɗau alƙalami, mun ji wai wasu samarinmu na tara kuɗi su aika yawu waje. Ku sani fa kyamara ba ta bin baƙo gida bayan sakamako ya ce uba ba uba ba ne. Shari'a ta jingina ɗa ga mijin uwarsa, kuma akwai rufin asiri a ciki. Sannan a layin mahauta muna da tsofaffi uku-huɗu da suka san kakan wa ya zo da shanu, daga wane gari. Har yau ba saurayin da ya je da littafi ya zauna da su.