Darasin Aikin Hannu da Aka Raba da Hannu

Sa'ad da kwalejinmu ta horon malamai ta rarraba mu zuwa makarantun firamare domin koyarwar gwaji, wadda ita ce sharaɗin da ba a ba ɗalibi shaidar malanta sai ya cika shi, rabona ya faɗa a wata makaranta da ke bayan birni, aka kuwa danƙa mini aji huɗu mai yara 74, tare da darasin da manhaja take kira fasaha da al'adu, wanda iyayenmu suka sani da sunan aikin hannu. Abin da na fara yi shi ne na karɓi littattafan yaran domin in ga inda aka tsaya, sai na tarar da shafi bayan shafi cike da rubutun Turanci da aka kwafa daga allo: ma'anar launi, da rabe-rabensa, da jerin kayan aikin maginin tukwane, da matakan rini ɗaya bayan ɗaya, kowane shafi da alamar jan biro ta yabo, alhali babu ko ɗigon launi guda a cikin littattafan gaba ɗaya. Da na tambayi wanda ya taɓa cuɗa yumɓu da hannunsa a makaranta, babu wanda ya ɗaga yatsa.

Ban gama mamakin wannan ba sai na ji yadda ake ba da makin aikin hannu a ƙarshen zango, wato kowane yaro ya sayo tsintsiya ko faifai ko mafici a kasuwa ya kawo, wanda bai samu zuwa kasuwa ba kuwa ya kawo kuɗinsu, a rubuta masa maki. Da muka haɗu da abokan karatuna waɗanda aka tura wasu makarantu, sai na iske labarinmu ɗaya ne, har na tabbata al'amarin ya zama ɗabi'a mai yaɗuwa. Ra'ayina a kai, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne cewa darasin da aka kafa domin hannu, idan aka mayar da shi hadda da saye, to, an kashe shi ne ana riƙe da sunansa. Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga fasaha ba, ta shafi tarbiyya, domin yaron da aka yaba masa a kan tsintsiyar da wata tsohuwa ta ɗaure, an koya masa tun yana ɗan shekara 9 cewa ana sayen yabo, kuma halal ne mutum ya jingina wa kansa aikin wani.

Adalci ne in faɗi uzurin malaman da na tarar, domin mutanen kirki ne masu haƙuri, kuma su suka riƙe ni kamar ƙaninsu. Darasin minti 35 ne, yara sun yi wa aji yawa, babu ɗakin aiki, babu kuɗin sayen fenti da takarda, jarrabawa kuma da alƙalami ake yin ta. Ban da wannan, tun da aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 a 2008, zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu duk an cusa su cikin darasi guda, an ɗora wa malami guda, wanda sau da yawa ba a horar da shi a ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda aka ɗora wa wannan kaya, in ya nemi mafaka a allo da alli, ba abin zargi ba ne ƙwarai. Amma uzuri yana ɗauke laifi ne daga kan mutum, ba ya mayar da hasara riba, kuma yaran ne suke ɗauke da hasarar.

Malaman Musulunci sun daɗe da warware wannan mas'ala. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi bayanin cewa sana'a malaka ce, wato hali ne da yake zaunawa a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki har ya kafu, kuma abin da aka koya ta hanyar gani da taɓawa ya fi kafuwa bisa abin da aka koya ta hanyar labari. Mu Hausawa mun taƙaita wannan da cewa gani ya kori ji. Makarantar allo ma, wadda wasu suke ɗauka hadda ce zalla, cike take da aikin hannu: almajiri shi yake feƙe alƙalaminsa na gamba, shi yake haɗa tawadarsa da ƙaro, shi yake wanke allonsa ya shanya, in kuwa sauka ta zo, a yi wa allon zayyana mai launi wadda babu mai iya ta sai wanda hannunsa ya faɗa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a cikin laka ya koyi yadda bakan gizo yake ɗaukar nauyin rufi, kamar yadda marinan Ƙofar Mata a Kano suke gane baba ya nuna ta launin kumfarsa da warinsa, ilimin da babu littafin da zai sa shi a hancin mutum. Hatta ilimin boko da ya shigo mana, da aikin hannu ya shigo, domin makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a inda gwanayen gari suke koyar da dukanci da ƙira da makamantansu.

Da wannan tunani na tafi wurin hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izini in fitar da yaran nan gindin darbejiya, mu yi ginin yumɓu." Ya dube ni ya ce, "Malam, da wane kuɗin?" Na ce ba a bukatar ko kwabo. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya yarda, bisa sharaɗin kada kayan makarantar yara su ɓaci. Yaran da kansu suka nuna mini gidan wata dattijuwa mai ginin tukwane a unguwar, na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, karatu na zo nema." Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ku da kuke da boko, wane karatu ne a wurina?" Amma a yini biyu ta koya mini abin da shekara biyu ta kwaleji ba ta koya mini ba: inda ake haƙo yumɓu mai danƙo a bakin kududdufi, da yadda ake jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa da saiwa, a daka tsingaron tsohuwar tukunya a zuba garinsa a ciki domin kada ginin ya tsage a wuta, sa'an nan a cuɗa, a yi ta cuɗawa har iskar da ke ciki ta fita.

Ranar darasi na raba yaran rukuni 8, kowane rukuni da shugabansa da buhun da za a shimfiɗa da gwangwanin ruwa, kowane yaro kuma ya zo da tsohuwar riga daga gida. Na ba kowa curi ɗaya kamar girman lemo, na nuna musu yadda ake danna babban yatsa a tsakiya, ana juyawa ana matsawa har ya zama ɗan kasko. Abin da na gani a wannan hantsi shi ne hujjata mafi ƙarfi. Ajin da ban taɓa samun shirunsa ba sai da tsawa, sai ga shi ya yi tsit, kowa ya duƙufa, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a gwangwani. Akwai wani yaro da yake zama a layin baya, wanda karatu yake yi masa nauyi har ya saba da sunkuyar da kai duk lokacin da aka yi tambaya. Shi ne ya fara gamawa, kaskonsa kuwa kaurinsa ɗaya ne daga gindi har baki, har ya ɗauki tsinke ya zana masa dagi a gefe. Kafin a tashi, 'yan rukuninsa da na kusa da su sun kewaye shi suna cewa ya nuna musu, shi kuwa yana gyara musu hannu da natsuwa irin ta malami. Daga ranar ban ƙara ganin kansa a sunkuye ba, ko a darasin lissafi.

Bayan kwana 3 muka duba ginin, sai ga kusan sulusinsa ya tsattsage. Yaran suka yi baƙin ciki, ni kuwa na ga darasin ya zo inda ake so, domin da muka jera masu tsagewa gefe guda, marasa tsagewa gefe guda, su da kansu suka gano illar: waɗanda aka ajiye a rana sun bushe da gaggawa, bayansu ya ƙanƙance alhali cikinsu da sauran danshi, waɗanda kuma gindinsu ya fi bakinsu kauri sun rabu daidai inda kaurin ya sauya. Babu wanda na rubuta wa wannan a allo, kuma na tabbata babu wanda zai manta da shi. Suka sake jiƙa fasassun suka gina sababbi, suka shanya a inuwa, bayan sun bushe sarai Inna ta haɗa su da nata ta gasa mana da ƙirare da ciyawa.

Haka muka yi da launi. Mun sami baƙi daga gawayi da ƙaro, ja daga jar ƙasa, fari daga farar ƙasa, rawaya daga gangamau, muka tauna bakin ƙirare ya yi laushi ya zama abin shafawa, bayan kwali kuma ya zama takarda. Ranar da na ɗiga ruwan lemon tsami a cikin ruwan zoɓo ya ƙara ja, na ɗiga ruwan kanwa a wani ya juye ya yi duhu mai ɓangaren kore, sai da yaran suka yi kabbara don mamaki, wata yarinya ta ce, "Malam, me ya sa?" Wannan tambaya ita ce mabuɗin kimiyya duka, kuma ban taɓa jin ta daga bakin yaro yana kwafar rubutu daga allo ba.

Na san akwai masu ƙyamar wannan darasi saboda addini, suna tsoron a koya wa 'ya'yansu yin gumaka, kuma tsoronsu abin girmamawa ne. Wani uba ya zo mini da wannan magana, na zaunar da shi na ce, "Baba, abin da na karanta a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne, hanin ya tsananta ne a kan siffar abu mai rai wadda take da jiki mai inuwa kuma cikakkiyar gaɓoɓi, amma tukunya da kasko da bishiya da dagi da zayyana, babu saɓani a kan halaccinsu." Na nuna masa abin da ɗansa ya gina, ya juya shi a hannu, ya sa albarka ya tafi. Fagen da shari'a ta buɗe ya isa malami ya shekara yana koyarwa bai maimaita darasi ba. Akwai kuma masu ganin taɓa laka ƙasƙanci ne, wai sun kai ɗansu boko ne domin ya tsira daga irin wannan aiki. Waɗannan ina tunatar da su cewa Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da hannunsa yake ƙera sulke, Annabi Nuhu kuma da hannunsa ya sassaƙa jirgi. In kuwa misalin zamani suke so, su juya takardar naira 20 su dubi Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida a hannun manyan matan danginsu, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya adana tukwanenta a fadarsa, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954 a Abujar wancan lokaci, garin da yanzu ake kira Suleja, ta nuna gwanintarta a Ingila da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, alhali ba ta yi karatun boko ba.

Saboda haka ina kira ga kwalejojinmu da su daina auna ɗalibin fasaha da kyan tsarin darasin da ya rubuta a takarda kaɗai. Mai duba shi ya tambaye shi abin da yaransa suka yi da hannunsu, ya ce a kawo ya gani. Ina kira ga shugabannin makarantu da su haramta karɓar kuɗi ko kayan kasuwa a madadin aikin hannu, su haɗa darasi biyu wuri guda sau ɗaya a mako domin lokaci ya isa, su kuma buɗe ƙofa ga maginan tukwane da marina da masaƙa da dukawa da masu ɗinkin hula na unguwa, domin da ɗan gari akan ci gari. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai masu shirin fita koyarwar gwaji, ku sani mu ne muka fi kowa damar gyara wannan, domin ba mu riga mun gaji ba, ɗabi'ar kwafa kuma ba ta riga ta zama mana jiki ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan magana ta hau kanmu kamar yadda ta hau kan yaran.

Ranar da zangon ya ƙare, na cika takardar maki ina duban abin da kowane yaro ya gina, mai kyau da karkatacce, ina sane da cewa kowane maki na mai shi ne. Yaron nan na layin baya ya tsaya har kowa ya watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Malam, Innata ta ce a gaishe ka, a kaskona take zuba garwashin turare." Ina roƙon Allah Ya sa malamin da zai karɓi ajin bayana ya sake fitar da su gindin darbejiyar nan, Ya kuma yi wa dattijuwar da ta karantar da ni albarka.