Aikin ɗalibi da ƴan kallonsa

Wanda ya bi diddigin silimar Nijar ta shekaru ashirin ɗin nan zai tarar da wani abu da ba a cika faɗa ba: da dama daga cikin sunayen da ƙasar ke tinƙaho da su a yau, a cikin aji suka fara, da ɗan gajeren fim na ƙarshen shekara wanda aka shirya don neman maki. Sani Magori na Galmi, da Aïcha Macky ta Damagaram, da Amina Weira wadda ta koma garinsu Arlit da kamara, duk ta wannan ƙofa suka shigo. Ke nan aikin ɗalibi abu ne da ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira, kamar yadda ake duban littafin da aka buga. Sai dai kafin a dube shi, wajibi ne a same shi tukuna.

Hanyar da suka bi sananniya ce. A 2007 Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis ta ƙasar Senegal ta buɗe karatun digiri na biyu kan shirya fim na gaskiya, wato wanda ake ɗauka daga rayuwar mutane ba tare da ƴan wasa ba, da haɗin gwiwar shirin Africadoc. Makarantar IFTIC ta Yamai, wadda daga baya aka sake wa suna ESSCOM, ita ma ta buɗe matakin farko na wannan karatu, ta yadda ɗalibi zai fara a gida ya je Saint-Louis ya ƙarasa.

Fim ɗin da Sani Magori ya yi yana ɗalibi a 2008, « Notre pain capital », bai wuce rubu'in sa'a ba, kuma kan burodi yake. Ya bi burodin tun daga gidan da ake gasa shi har zuwa hannun almajiran da ke bara a titunan Saint-Louis, ya kuma nuna yadda gutsattsarin da aka ba su sadaka ke sake komawa kasuwa a sayar. Wannan dubi ne irin na malamin gona, domin fannin noma Magori ya fara karanta, kuma ya saba bin abinci daga inda ya fito zuwa inda ya ƙare, da lissafin wanda ya ci riba a tsakani. Da wannan idon ya koma Galmi ya shirya « Pour le meilleur et pour l'oignon », inda ɗaurin auren wata yarinya ya rataya a kan farashin albasa. Wanda ya ga fim ɗin albasa bai ga na burodi ba, ya ga gini bai ga harsashi ba.

Na Aïcha Macky ya fi wannan ƙarfin hali. « Moi et ma maigreur », wanda ta yi a 2011 tana ɗaliba a Yamai, a kan ramar jikinta yake, a ƙasar da ake auna kyawun mace da daɗin zaman aurenta da ƙiba, inda Zabarmawa ke da al'adar hangandi, mata kuma ke shan magunguna masu haɗari don su cika ido. Ɗalibar da ta karanci ilimin zaman jama'a a Jami'ar Abdu Mumuni tana iya rarraba takardun tambayoyi ga mata ɗari, ta fito da alƙaluma, ta samu makinta lafiya lau. Ita sai ta juya kamarar ta fuskanci kanta. Bayan shekara 2 ta yi « Savoir faire le lit » a Saint-Louis, kan maganar da uwa ke jin nauyin yi da ƴarta game da shimfiɗar aure. Daga nan zuwa « L'Arbre sans fruit » na 2016, inda take magana da mahaifiyarta da ta rasu wajen haihuwa, take kuma faɗin halin da matar da ba ta haihu ba ke ciki a gidan miji, taki ɗaya ne. Fim ɗin ya ci kyautar fim na gaskiya a gasar AMAA ta wannan shekarar. Abin da ya ba shi ƙarfi, wato mace ta sa jikinta ya zama hujja a kan abin da jama'a ke rufewa, yana nan cif a cikin aikin makarantar, da ɗan tuntuɓensa da komai.

To amma waɗannan gajerun finafinan an san da zamansu ne kawai saboda masu su sun yi suna daga baya. Malamin sakandare a Tawa ko Tasawa da ke son nuna wa ajinsa ɗaya daga ciki zai sha wuya kafin ya sa hannu a kansa, balle ayyukan sauran ɗaliban da suka zauna a benci ɗaya da su. Yadda aka saba baje aikin ɗalibi shi ne ranar kare kundi: malamai uku ko huɗu a kan teburi, dangi da abokai a baya suna jiran a faɗi maki a yi guɗa, a sha lemo, a watse. Daga ranar fim ɗin ya koma cikin kwamfutar mai shi, ranar da kwamfutar ta mutu ya bi ta. Hotuna kuwa, in an yi sa'a, a manna su a bangon baranda na kwana biyu, iska da ƙura su yi musu hukunci. Irin wannan nuni shaida ce ga hukumar makaranta cewa an yi aiki. Mai sayar da albasar da aka ɗauka a fim, ko matar da aka tsayar a bakin rijiya, babu wanda ya gayyace su.

Rashin waɗannan ƴan kallo yana da tasiri a kan aikin kansa. Ɗalibin da ya san cewa masu ganin fim ɗinsa malamai ne, sai kuma, in Allah ya taimaka, alƙalan wani biki a Turai, zai gina shi daidai da kunnensu. Salon da Africadoc ya yaɗa, wanda ya samo asali daga ƙauyen Lussas na Faransa, yana son mai fim ya shigo da kansa cikin labarin, ya rubuta doguwar takarda da Faransanci yana bayyana alaƙarsa da batun kafin a ba shi kuɗi. A hannun Macky wannan salo gaskiya ce tsirara. A hannun mai kwaikwayo kuwa sai ya zama riga ta aro: murya mai sanyi tana ba da labarin kaka ko mahaifi, ana bayyana wa baƙo abin da kowane yaro a unguwa ya sani, kamar ma'anar lefe ko dalilin zaman takaba. Da an haska irin wannan fim a dandalin unguwar da aka ɗauke shi, dariyar ƴan kallo kaɗai ta isa ta nuna wa ɗalibin inda ya yi ƙarya da inda ya ɓata lokaci, gyaran da babu malamin da zai iya yi masa. Abin lura ne cewa fim ɗin Magori da ya fi shiga zuciyar Hausawa shi ne mai sunan Hausa, « Koukan Kourcia », inda ya ɗauki zabiya Husai, wadda waƙoƙinta suka tura samari ci-rani a da, ya kai ta Abijan don ta kira mahaifinsa gida. Duk Bahaushe ya san kukan kurciya jawabi ne, ba ya bukatar a fassara masa sunan.

A fannin ɗaukar hoto rauni ya fi fitowa fili, ko da yake a nan ne kayan aiki suka fi sauƙi, tunda kusan kowane ɗalibi na da kamara a wayarsa. Hotunan da ke maimaituwa an san su: faɗuwar rana a kan kogin Kwara daga gadar Kennedy, masunci a cikin jirginsa, raƙuman dawa na Kure, tsohuwa mai tamoji a fuska, yaro da ƙoƙon bara. Wasu suna da kyau ƙwarai ta wajen haske da tsari. Amma hotuna ne na mai wucewa, irin waɗanda baƙo ke saye ya aika gida. Ɗalibin da ke kwana a ɗaki ɗaya da mutum shida a Harobanda, yana bin layin abinci, yana karatu a gindin fitilar titi lokacin jarrabawa, yana da abin ɗauka wanda babu baƙon da zai kai gare shi, sai dai ba ya ganin rayuwarsa a matsayin abin hoto. Akwai kuma maganar izini. Yaron da ke bara bai san an rataye fuskarsa a bango ba, iyayensa ma haka, kuma da ɗan wani babban ma'aikaci ne da ba a yi ba.

Yamai tana da malami a wannan fage, ko da yake matasa kaɗan ne suka san sunansa. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana zaga gidajen rawa da mashaya na birnin da kamararsa cikin dare, yana ɗaukar matasa cikin ado, da sojoji, da mawaƙa. Abokan cinikinsa su ne mutanen da ke cikin hotunan. In hoto bai gamshe su ba, ba za su biya ba. Haka Malick Sidibé ya yi a Bamako, yana jera ƙananan hotunan biki a kan kwali don waɗanda suka halarta su zo shagonsa su zaɓa, tun kafin birnin Banis ya ba shi kyautar Zakin Zinariya a 2007. Abin da ya sa mutanen da ke cikin hotunansu suke tsaye da mutuncinsu, suna kallon kamara ido da ido, shi ne sun san za su ga kansu. Wannan darasi ne na sana'a kafin ya zama na ɗa'a, kuma baje koli a gaban masu hoton shi ne hanyar koyar da shi.

Sai tsara rubutu da zane, wato takardun sanarwa na bango, da tambarin ƙungiyoyi, da bangon littafi. A nan malamin Hausa yana da ƙorafi na musamman. Galibin abin da ɗalibai ke tsarawa da Faransanci yake, in kuma aka sa Hausa sai a sa ta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, an yanke mata ƙugiyoyi: ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, ɓarawo ya zama barawo. Wani lokaci a ga harafin ɗ ya fito da wani fasali dabam a tsakiyar kalma, saboda nau'in rubutun da aka zaɓa ba shi da shi, kwamfuta ta aro daga wani wuri. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne ga mai koyon tsara rubutu, domin harafi shi ne kayan aikinsa kamar yadda zare yake ga masaƙi. Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance tun 1999, da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma akwai nau'o'in rubutu na kyauta irin su Andika, Charis SIL da Noto masu ɗauke da su duka. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bukatar masu iya tsara allon asibiti, da littafin firamare, da takardar gargaɗi a kan maganin ƙwari cikin Hausa mai karantuwa za ta ƙaru. Ɗalibin da ya tsara irin wannan takarda, a kai ta kasuwar Maraɗi a manna, a tsaya a gefe a ga ko mutane sun tsaya sun karanta. Wannan jarrabawa ta fi ta kwamiti tsanani.

Babu wani abu sabo a cikin wannan shawara. Moustapha Alassane, wanda ya yi shekaru yana jagorantar sashen silima na Jami'ar Yamai, tun yana yaro yake haska inuwar zane-zanensa ga mutanen ƙauyensu, bayan ya yi suna da « Le Retour d'un aventurier » da « Bon voyage Sim » a 1966 kuma bai daina ɗaukar majigi a mota yana kai wa mutane ba, har ya zauna a Tawa. Tun 2024 tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ga cibiyar Oumarou Ganda, ga gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwa, ga jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram da suka tsaya da ƙafarsu tun 2010. Wurare ba su yi ƙaranci ba.

Abin da ya rage ƙananan ayyuka ne da ba sa bukatar tallafin waje. Kowace makaranta ta ajiye kwafi biyu na duk aikin da aka kare, a wurare biyu dabam, da sunan mai shi da shekara da harshen da aka yi magana da shi, jerin kuma ya zama a buɗe ga malamai. Fim ɗin da aka yi da Zabarmanci ko Tamashek a sa masa fassarar Hausa, na Hausa a sa masa ta sauran harsuna, tunda ɗaliban sashen harsuna suna nan a harabar guda suna neman abin da za su gwada iliminsu a kai. Inda ƴan kallo ba sa karatu, mai sharhi da lasifika ya wadatar. Ƙungiyar al'adu a Madawa ko Mirya tana iya karɓar hotuna 20 da gajerun finafinai 3 na mako guda, da sharaɗin ɗalibin da ya yi su ya zo da kansa, ya tsaya a gaban allo bayan an kunna fitila, ya amsa tambayoyin waɗanda ya ɗauka.