Bindigar ba ta ƙi ba, hannuna ne ya ƙi

"Yaya, sake ja, ba ka kai ta ƙarshe ba." Ƙanena ne ya faɗa mini haka yana danne dariya, a wani filin koyon harbi da ke bayan garin da yake zaune a jihar Texas ta Amurka. Kafin nan na yi harbi ya fi goma lafiya ƙalau, har na fara ji da kaina. Sai mai koyarwar ya zaro wata 'yar na'ura mai ƙidaya daƙiƙa, ya ce da zarar ta yi ƙara in harbi alluna uku a jere da iyakar saurina. Na farko ya tashi. Na fizgi mariƙin na mayar, na taɓa kunama, sai na ji ƙas. Shiru. Babu ɓarawo a gabana, babu duhu, babu kukan yara. Ƙarar na'ura kawai ta sa hannuna ya yi rabin aiki ya koma.

Tun ranar na daina yarda da wata magana da na daɗe ina ji, wai bindigar da ake ɗanawa da hannu ba ta taɓa ba mutum kunya.

Bari in warware wa wanda bai saba ba. Bindigogi iri biyu nake magana a kansu, duk na farauta ne, irin waɗanda ke watsa ƙwayoyin darma maimakon harsashi guda. Ta farko tana da mariƙi a ƙarƙashin bututunta: ka ja shi baya ta tofar da kwanson da aka harba, ka tura shi gaba ta ɗora sabo. Ita ce ake kira fam-akshan a Najeriya, har sunan ya bi bakin mutane ya hau kan kusan kowace bindigar farauta mai cin harsashi fiye da biyu. Ta biyun ita ke ɗana kanta, ko dai da ƙarfin iskar albarushin da ya ƙone, ko da shurin da take yi baya. Kada a ɗauka mai aman wuta ce irin ta fagen daga. Kowane harbi sai ka taɓa kunama, wahalar ja da turawa kawai ta ɗauke maka.

A Amurka, inda doka ta ba mutum damar ajiye bindiga a gida, shekara da shekaru ba a ma tsayawa gardama. Ka tambayi kowane tsoho me za ka jingine a bayan ƙofa, zai ce maka Remington 870 ko Mossberg 500. Ta farkon ta fito a 1950, an ƙera sama da miliyan 11, ta kuma daɗe a cikin motocin 'yan sandan ƙasar. Ta biyun ta biyo bayanta da wajen shekara goma. Ga sauƙin kuɗi, ga jure wuya, kuma kusan duk harsashin da ya dace da bakinta za ta ci ba tsangwama.

Yanzu yayi ya juya. Shiga YouTube ka gani, matasan masu koyar da harbi ba su da zance sai na mai ɗana kanta. A 1999 sojojin Amurka suka zaɓi Benelli M4 ta Italiya, sojojin ƙundumbala na ruwa suka riƙe ta, sunanta ya ɗaukaka. Beretta ta fito da 1301, sannan a 2023 ta kawo A300 Ultima Patrol mai ɗan rangwame, kasuwa ta buɗe. Ana ta yayata abin kamar sabuwar fasaha, alhali John Browning ya ƙera Auto-5 tun kafin kakana ya zo duniya, kamfanin FN na Beljiyam ya fara yin ta a farkon ƙarni na 20, aka yi ta ƙera ta kusan shekara 100. Abin da ya canza shi ne na yanzu sun fi na da jure datti da ƙarancin cijewa.

Ni dai ina ganin masu wannan yayi suna da gaskiya, amma ba don dalilin da suka fi kawowa ba. Su sauri suke kurantawa, wai harbi biyar kafin ka ƙifta ido. Mai gida da aka tasa daga barci ƙarfe uku na dare ba gasa ya shiga ba. Abin da ya dame ni shi ne wanda ya faru da ni a filin nan. Mai ja da hannu injinta kai ne. In zuciya ta buga, tafin hannu ya jiƙe, yatsu suka daina jin magana, ja ɗin sai ya gajarta, ko dai kwanso ya maƙale ko ɗakin harsashi ya zauna wayam. Wanda ya harba dubbai, hannunsa ya haddace aikin, wannan ba ya damunsa. To mutum nawa ne haka? Yawancin masu sayen bindigar tsaron gida sau ɗaya ko biyu suke kai ta fili, su mayar da ita kabad, sai kuma ranar tsautsayi. Ga irin waɗannan, bindigar da ba ta dogara da natsuwarsu ba ta fi amfani. Ƙari a kan haka, mai aiki da iskar albarushi tana shanye wani ɓangare na naushin da ake ji a kafaɗa. Matar ƙanena ta harba mai ja da hannu sau biyu ta ajiye tana murza kafaɗa, amma ɗayar sai da ta ƙarar da kwali guda.

Akwai kuma tatsuniyar da ba na jurewa, wai ƙarar ɗana ta kaɗai, ƙaras-ƙaras ɗin nan da ake ji a fim, ta isa ta kori ɓarawo. Wataƙila ta kori mai satar kaji. Wanda ya shigo da makami kuwa, ka sanar da shi ne kusurwar da kake tsaye. Shawarar ta yi kama da wadda Joe Biden ya bayar a 2013 yana mataimakin shugaban ƙasa, da ya ce ya gaya wa matarsa in ta ji motsi ta fita baranda ta harba mai baki biyu sama sau biyu. Masana doka da na harbi duka sun yi masa ca a lokacin.

Inda na raba gari da 'yan yayi shi ne wajen kuɗi. Benelli M4 tana kaiwa wajen dala 2,000, alhali da 'yan ɗaruruwa za ka samu mai ja da hannu ta kirki. Wanda idonsa ya hau kan ta Italiya amma aljihunsa bai kai ba, sai ya faɗa kan kwaikwayonta masu araha, galibi ƙirar Turkiyya. Wasunsu na aiki, wasu kuwa zaɓen abinci gare su kamar ɗan auta: harsashi ya ɗan yi rauni su ƙi juyawa, a bar su babu shara da mai su cije. Mai ɗana kanta ta banza ita ce mafi munin zaɓi a cikin ukun, domin ta haɗa tsadar kulawa da rashin tabbas. In kuɗinka bai kai na nagartacciya ba, sayi mai ja da hannu, ragowar ka kashe shi a kan harsashin koyo.

Mai karatu a Gusau ko Funtuwa zai ce to mu ina ruwanmu. Da ruwanmu, amma ta wata fuska. A 2017 kaɗai jami'an kwastam sun kama irin waɗannan bindigogi a Legas har sau huɗu: 661, sai 440, sai 1,100, sai 470. Wato akwai masu saye. A 2021 Gwamna Aminu Masari ya ce mutanen Katsina su tashi su kare kansu, a 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce 'yan Zamfara su nemi lasisin bindiga. Sai dai lasisi ba a hannun gwamna yake ba. Dokar makamai ta 1959 ta ɗora shi a wuyan Shugaban Ƙasa da Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabo. Saboda haka wanda ya karanta wannan ya nufi kasuwar bayan fage, ba ni na aike shi ba, kuma gidan yari ba ya tambayar wace iri ce ka saya.

Kawuna maharbi ne, da bindigar toka ya yi zamaninsa, wadda ake ɗurawa ta baki a harba sau ɗaya. Da na ba shi labarin abin da ya same ni a Amurka bai ko yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, a shekara arba'in ban taɓa harbin motsin ciyawa ba sai na ga kunnen abin." Daga nan ya tambaye ni a ina ƙanena yake ajiye tasa. Wannan tambayar ce ba na ji a bidiyoyin nan. Harsashin da aka fi so don tsaron gida yana ɗauke da ƙwayoyi takwas ko tara, kowace ta kai girman gujiya ƙarama, kuma a tazarar falo ba sa bajewa kamar yadda ake zato, dunƙule suke tafiya kamar faɗin tafin hannu. Dole ka saita, in ka kuskure kuma su ratsa bangon gidajen Amurka mai kama da kwali su shiga ɗakin yara. Wanda ke motsi a duhu sau da yawa ɗanka ne da ya dawo a makare. Sannan fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka harbe kansu, ba ɗan fashi ba.

Ƙanena ya so ya sayar da Mossberg ɗinsa ya ciyo bashi ya ɗauko Beretta. Na ce masa in ya tara kuɗinta a hannu ya saya, ta fi dacewa da shi da matarsa, ban canza ra'ayi a kan haka ba. Amma yaransa uku ne, babbansu shekara tara, bindigar kuma a saman kabad take kwance. Kafin in baro garin sai da na tsaya a kansa ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli da fitilar da ake ɗaurawa a jikin bindiga. Beretta ta jira baɗi.