Matsayin Mace da Launin Fata a Littafin Shaihu Umar

Manazarta sun saba ɗaukar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya samu daga gasar Hukumar Fassara ta 1933, a matsayin labarin bauta da malanta, Umar kuma shi ne tauraro. Wannan maƙala tana ganin akwai gyara. Umar bai zaɓi tafiyarsa ba, sace shi aka yi. Mahaifiyarsa kuwa ita ta ƙudura barin gida, ta bi sawunsa zuwa Kano, ta ratsa Sahara har Murzuk da Tarabulus.

Abin lura shi ne yadda Larabawa suka karɓi uwa da ɗa, alhali launinsu ɗaya. Abdulkarim ya riƙi Umar tamkar ɗansa, ya ilmantar da shi. Ita kuwa aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa. Ke nan ba baƙar fata kaɗai ta yanke makomarsu ba, har da jinsi. Marubucin ya ba mace juriya, ya hana ta cin moriyarta: ta rasu jim kaɗan bayan ganin ɗanta, shi kuwa ya zama shaihi a Rauta. Duk nazarin da ya tsallake wannan uwa ya bar rabin jigon littafin.