Tambari Na Sarki, Garaya Ta Majinyaci

Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Faraku da Jugu har su sauke kaya a Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayen goro, garuruwan nan biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, waɗanda hukuma ke rubutawa Parakou da Djougou, suka zama mahaɗar al'ummu, inda Bahaushe da Badende da Bayarabe da Bafillace suka zauna ƙarƙashin sarakunan ƙasa a unguwannin baƙi irin su Wangara ta Jugu da Zongo ta Faraku. Wanda ya zauna a irin wannan wuri, kunnensa na jin kiɗe-kiɗen ƙabilu dabam-dabam, shi ne ya fi cancanta ya tambayi dalilin da ya sa Ɗan Adam, idan cuta ta gagari saiwa da sassaƙe, yakan nemi makaɗi.

A ƙasashen Bantu, daga Kwango zuwa gaɓar Tanzaniya har Afirka ta Kudu, ganga ce cibiyar wannan sha'ani, har ma da sunanta, ngoma, ake kiran tsarin jinyar baki ɗaya. Victor Turner ya bayyana yadda yake a wurin Ndembu na Zambiya cikin littafinsa na 1968, sa'an nan John Janzen, bayan bincike a Kinshasa da Darussalam da Mbabane da Kef Tawun, ya nuna a 1992 cewa asalin abin ɗaya ne ko da harsuna sun saɓa: wanda ciwo ya kama, a ce masa ruhi ne ke nemansa, sai waɗanda suka taɓa shan irin wannan wahala su kewaye shi da kiɗa da waƙa, idan ya sami sauƙi shi ma ya shiga cikinsu ya yi jinyar wani. Vimbuza ta Tumbuka a Malawi, wadda UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam a 2005, irin wannan ce. Kuma gangar ce dai alamar mulki a can, kamar Karyenda ta sarakunan Burundi da Kalinga ta Ruwanda.

Amma a namu ɓangaren an raba gadon gida biyu, kuma wannan rabo shi ne abin da nake ganin masu nazari ba su ba shi haƙƙinsa ba. Gangar fata mai alfarma ta tafi fada. A ƙasar Hausa tambari na sarki ne, ba a buga shi sai ranar naɗi ko daren salla ko wani babban lamari. A Nikki kuwa, inda mutanen Faraku da sauran Bargu ke tururuwa kowace shekara a watan Rabi'ul Awwal domin bikin Gani, gaban tamburan alfarma da kakaki ne sarki da 'ya'yan sarauta ke zuwa su yi gaisuwa. Majinyaci bai sami rabo a wannan ba. Nasa kason shi ne garaya da goge da buta da ƙwarya, kayan da matalauci zai iya haɗawa a bayan ɗakinsa, kuma da su ake yin girka a bori, da goge da ƙwarya ne kuma Dendawa da Zabarmawa na bakin Kwara, wajen Gaya da Malanbil, ke kiran iskokinsu Dongo da Harakoi Dikko. Ƙwarya kuwa, ba sai an faɗa ba, kayan aikin mata ce, kuma mata ne mafi yawan masu neman wannan magani, ko a Maraɗi inda Iya ke shugabantarsu, ko a Tunis da Tarabulus inda Tremearne ya tarar da borin Hausawa kafin littafinsa na 1914.

To, mene ne aikin kiɗan? Andrew Neher ya yi da'awa a 1962 cewa bugun ganga ne ke rikita ƙwaƙwalwa har mutum ya fita hayyacinsa. Gilbert Rouget, wanda ya daɗe yana nazarin kiɗa a ƙasar Dahome, ya rushe wannan a 1980 da hujjar da kowane ɗan unguwa zai iya tabbatarwa: da sautin ne ke bugarwa, da makaɗin ne zai fara faɗuwa, kuma da goge mai siririyar murya bai yi abin da babbar ganga ke yi ba. Haƙiƙanin al'amari, kiɗan kira ne da suna. A cikin iskokin bori, Sarkin Rafi yana da takensa, Malam Alhaji da nasa, Ɗan Galadima da Kuturu da Inna kowa da nasa kirari, kuma majinyaciyar da ta yi watanni tana ƙunci ba wanda ya san abin da ke damunta, ranar da aka kaɗa wani take jikinta ya amsa, ciwonta ya sami suna, ita kuma ta sami jama'ar da za ta zauna da ita.

Hukuncin shari'a a kan yanka domin iskoki da neman agajinsu ba ɓoyayye ba ne, shirka ce, kuma ba ni da ja a kai. Sai dai magabatanmu sun fi mu tafsili a kan kiɗan kansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan sauraro da wajdi, inda ya rataya hukunci bisa halin mai ji da manufarsa. Shehu Usmanu kuma, cikin Kitabul Farƙi, ya soki kiɗan banza na sarakunan Haɓe, ya bar tambari domin maslaha irin ta tara runduna. Mafi girman darasi yana wurin Nana Asma'u, domin ita da ta yaƙi bori ba ta tsaya ga hani ba: ta tara hadisai a kan neman waraka da Alƙur'ani cikin Tabshirul Ikhwan a 1839, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji masu bin ƙauyuka, saboda ta gane cewa matan nan taro da kulawa suke nema tare da magani.

Wa'azinmu na yau a Jugu da Faraku, kamar na Kano da Zariya, ya ɗauki haninta, kaɗan ne suka ɗauki aikinta. Ina roƙon malamanmu su tanadi zauren da mai ciwon zuciya da mai taɓin hankali za su sami masu zama da su, ina kuma roƙon ɗaliban Jami'ar Faraku, wadda aka kafa a 2001, su nemi tsofaffin makaɗa su rubuta abin da ke ƙirjinsu tun suna raye, domin tarihin jinyar kakanninmu ne, kuma ilminsa bai wajabta wa kowa aiki da shi ba.