Ba So Ne Ya Kashe Juliyet Ba

Duk sanda aka yi zancen soyayya mai ƙarewa da kuka, sai ka ji samari har nan Rido suna kiran Romiyo da Juliyet, wai su ne masoyan da so ya kashe. Ni kam ban yarda ba.

Wasan kwaikwayo ne da Wiliyam Shekisfiya na Ingila ya rubuta, aka fara buga shi a 1597. A birnin Berona ta Italiya, gidan Montegu da gidan Kafulet ba sa ga-maciji. Romiyo ya shiga walimar abokan gabarsu yana ta begen wata Rozalin, yana ganin Juliyet ya mance da ita. Haba malam! Son da ya sauya gida a dare ɗaya ai abin a bincika ne. Juliyet kuwa, da ba ta cika shekara 14 ba, ita ta fara kawo zancen aure. Yarinyar ta fi saurayin hankali nesa ba kusa ba.

To me ya halaka su? Ku dubi mahaifinta. Da farko shi ya ce wa Faris ya jira shekara 2, ya kuma nemi yardarta. Amma da Romiyo ya kashe ɗan'uwanta Taibal aka kore shi zuwa Mantuwa, sai ga dattijon nan ya tsayar da ranar aure, ya ce ko ta auri Faris ko ta bar masa gida, bai san an riga an ɗaura mata aure a ɓoye ba. Uwa ta juya mata baya. Mai renonta ma, wadda ta yi musu aike, ta ce ta haƙura da Faris. A nan wasan ya fi taɓa min zuciya, domin sai da yarinya ta rasa mai saurarenta a gida sannan ta yarda ta sha maganin da zai sa a zaci ta mutu. Wasiƙa ba ta isa ga Romiyo ba, ya sha guba, ita ta soka wa kanta wuƙa. Rai 6 ya salwanta kafin iyaye su yi musabaha. Ihu bayan hari ke nan.

Mu ma mun san irin wannan. A littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), Sumayya rijiya ta faɗa saboda an raba ta da Muhammad. Aka yi ta cewa marubuta na ɓata tarbiyya, alhali madubi ba ya ƙirƙirar tabo.

Ban yabi auren ɓoye ba, kuma kisan kai haramun ne. Amma iyaye, don Allah ku riƙa tambayar 'ya'yanku mata kafin ku karɓi goro. Ku kuma 'yan mata, a yi haƙuri, sauri kan haifi nawa.

Allah Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri, amin.